Cututtukan ƙwaƙwalwa da doguwar shan giya ke haifarwa: wanne ake warkewa, wanne ke zama da mutum?

Tun watan Fabrairun 2024 da hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da dokar hana giyar leda da ta ƙananan robobi 'yan ƙasa da mililita 200, maganar giya ta dawo bakin mutane, masu kamfanoni na cewa za a rasa ayyuka, ma'aikatan lafiya na cewa giyar leda ta yi arha har yaro ɗan makaranta na iya saye ya sa a aljihu. A tsakiyar wannan ce-ce-ku-cen ana yawan jin magana biyu da ke karo da juna. Wani zai ce maka giya tana cinye ƙwaƙwalwa ne kuma abinda ta cinye ya tafi kenan, wani kuma ya ce ai shi ya san mutumin da ya zauce saboda sha har ba ya gane iyalinsa, amma da aka kwantar da shi asibiti ya dawo garau kamar ba shi ba.

Duk su biyun suna iya faɗin gaskiya, don ba cuta ɗaya suke magana a kai ba. Akwai cututtuka da dama da ke kama ƙwaƙwalwar wanda ya daɗe yana sha, kowacce da wurin da take taɓawa da yadda take ƙarewa, wasu ma likita sai ya yi shekaru yana aiki bai ga ko guda ba. Ba maye ake nufi ba a nan, maye yana saki bayan awanni. Ana maganar illar da ke nan daram ko da giyar ta bar jini ne.

## Yunwar da ke ɓoye a cikin kwalba

Kafin a shiga sunayen cututtukan sai an fahimci abu ɗaya, wato bitamin B1 da likitoci ke kira tiyamin. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba amma ita ke cinye wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samarwa, kuma abincinta sukari ne. Toh ba ta iya ƙona sukarin nan ta samu ƙarfi sai da tiyamin, kamar dai a ce ga itace ga tukunya a murhu amma babu ashana. Abinda babban mutum ke buƙata a rana bai fi miligiram ɗaya da 'yan kai ba, ana samunsa a wake da gyaɗa da nama da hatsin da ba a surfe shi tas ba. Matsalar ita ce jiki ba ya ajiye shi da yawa, gaba ɗaya ajiyar ba ta wuce miligiram 30 zuwa 50 ba, in aka daina samu cikin sati biyu zuwa uku an fara ganin ƙasan tukunya.

Shi kuwa wanda ya yi nisa a sha ta ko'ina yake asara. Giya na cika ciki ta kashe sha'awar abinci, mutum ya wuni daga ɗan tsire sai kwalba. Ɗan abinda ya ci ɗin ma hanji ba ya tsotse tiyamin ɗin yadda ya kamata saboda giyar ta hana, hantar da ke ajiyewa ta jigata, ga amai da gudawa, ga sinadarin magniziyam da tiyamin ke buƙata kafin ya yi aiki yana zuba a fitsari. Shi ya sa da yawa daga cikin cututtukan nan, in aka bi salsalarsu, cutar yunwa ce giya ta buɗe mata ƙofa. Kuma wannan ne dalilin da ya sa wasunsu ke jin magani.

## Ciwon Wernicke: na gaggawa

A 1881 wani likita ɗan Jamus, Carl Wernicke, ya rubuta labarin marasa lafiya uku da suka rasu da alamomi iri ɗaya. Biyu maza ne mashaya, ta ukun kuwa wata matashiya ce da ta sha ruwan asid ya ƙona mata ciki har abinci ba ya zama sai amai. Shi kansa bai san bitamin ba ne sila, don a lokacin ba a ma gano bitamin ɗin ba, sai a 1926 aka ware shi, a 1936 aka iya haɗa shi a ɗakin gwaji. Abinda ya ƙara tabbatar da alaƙar shine abinda likitoci suka gani a jikin fursunonin yaƙin duniya na biyu a sansanin Changi da ke Singafo, mutanen da ba giya suke sha ba, farar shinkafa kawai ake ba su, aka wallafa a 1947.

Alamomi uku aka san ciwon da su. Ido ya riƙa rawa ko ya kasa juyawa gefe ko mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, tafiya ta zama tangaɗi ko da bai sha komai ba ranar, sannan ruɗewa, ya yi shiru ya zama kamar ba ya nan, a tambaye shi yau wace rana ya kasa faɗa. Amma fa waɗanda ke zuwa da ukun a haɗe ba su da yawa. Wani likita a Ostireliya, Clive Harper, ya bi gawarwakin da aka bincika a birnin Perth ya gano cewa wajen kashi 80 cikin 100 na masu ciwon ba a gane suna da shi ba sai bayan sun mutu, kuma kashi 16 cikin 100 ne kawai suka nuna alamomin uku tare. Wannan ne ya sa a 1997 aka sassauta sharaɗin, yanzu in tsohon mashayi ya zo da biyu cikin huɗu, wato rashin cin abinci, matsalar ido, tangaɗi, ko ruɗewa da mantuwa, ana ɗaukarsa mai ciwon a fara magani ba a jira.

Ba a jiran hoton ƙwaƙwalwa don hoton ba abin dogaro ba ne a nan. Na CT galibi ba ya nuna komai, MRI kuwa kusan rabin masu ciwon ne kawai yake kamawa. Maganin shine allurar tiyamin mai yawa ta jijiya, sau uku a rana na 'yan kwanaki, tare da gyara magniziyam in ya yi ƙasa. Ƙwayar bitamin B da ake saye a kemis ba ta isa a wannan halin, don kaɗan ne ke ratsa hanjin mashayi ya kai jini. In aka yi dace aka fara da wuri ido ne ke fara dawowa, wani lokaci cikin awanni, ruɗewar ta biyo baya cikin kwanaki ko makonni, tafiyar ce ke jan lokaci kuma wajen rabi ba sa komawa daidai ɗari bisa ɗari. In ba a yi maganin ba kuwa ana iya mutuwa, tsofaffin alƙaluma sun nuna tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100.

Wannan matashiyar ta Wernicke ya kamata a riƙe ta a rai, don ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Mai ciki da laulayi ya sa ta amai na makonni ba ta iya riƙe ko kunu, aka yi ta ɗaura mata ƙarin ruwa mai sukari ba tiyamin, ita ma tana iya kamuwa da ciwon nan ba ta taɓa ko shinshina giya ba. Haka wanda aka yi wa aikin ciki, da mai ciwon daji, da mai cutar ƙanjamau da ya rame. A ƙasar Ijesha ta kudu maso yammacin Najeriya ma an daɗe da sanin wata karkarwa da tangaɗi da ke kama mutane a damina, a shekarun 1990 wani likitan jijiyoyi Bola Adamolekun ya danganta ta da wata tsutsar bishiya da ake ci, wadda ke ɗauke da sinadarin da ke lalata tiyamin.

## Korsakoff: tabon da ke rage bayan wutar ta mutu

In Wernicke gobara ce, Korsakoff shine abinda aka tarar bayan an kashe ta. Sergei Korsakoff likitan masu taɓin hankali ne ɗan Rasha da ya bayyana yanayin a ƙarshen shekarun 1880. Mutum zai farfaɗo daga ruɗewar, ya gaisa da kai lafiya lau, ya yi hira, ya iya lissafin kuɗi, ya karanto surorin da ya haddace tun yana makarantar allo ba tuntuɓe, amma ka fita ka dawo bayan minti goma ya sake yi maka sannu da zuwa kamar yanzu ya fara ganinka. Ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Wurin da ke ɗaukar sabon abu ya adana shi ne ya lalace, wasu 'yan ƙananan sassa ne can tsakiyar ƙwaƙwalwa da girmansu bai fi ƙwayar wake ba da maƙwabtansu.

Abinda ya fi ɓata tsakaninsa da iyali shine labaran da yake bayarwa. Ka tambaye shi ina ka je jiya, ya ce ai kasuwa na je na haɗu da wane, alhali wata guda kenan yana kwance. Mutanen gida sai su ce ƙarya yake ko rainin hankali ne. Ba ƙarya ba ce ta ganganci, ƙwaƙwalwar ce ke cike gurbin da ba komai da tsofaffin abubuwa, shi kuma ya yarda da abinda yake faɗa har zuciyarsa, kuma galibi bai ma san yana da mantuwa ba.

Alƙaluman da aka fi dogaro da su sun fito ne daga dogon bibiyar da Maurice Victor da Raymond Adams da abokin aikinsu suka yi a Boston ta Amurka, suka wallafa a 1971. Wajen kashi 80 cikin 100 na mashayan da suka tsira daga Wernicke sun faɗa Korsakoff. Daga cikinsu, a taƙaice, kwata sun warke sosai, rabi sun samu sauƙi wani da yawa wani kaɗan, kwata kuma ba canji. Sauƙin yana iya ci gaba har shekara ɗaya ko biyu. Akwai bambanci babba tsakanin wannan da cutar mantuwa ta tsufa: ita ta tsufa kullum gaba take yi, Korsakoff kuwa in aka daina sha aka samu abinci tsayawa yake, ba ya ƙaruwa.

## Ciwon gadar ƙwaƙwalwa

Wannan shine wanda ya fi ƙaranci, duk abinda aka rubuta a duniya bai wuce 'yan ɗaruruwan mutane ba. Sunansa Marchiafava-Bignami, daga sunan wasu likitoci biyu 'yan Italiya, Ettore Marchiafava da Amico Bignami, waɗanda duniya ta fi sani da aikinsu kan zazzaɓin cizon sauro, Bignami ma yana cikin waɗanda suka tabbatar a 1898 cewa sauro ne ke sa wa mutum zazzaɓin. A 1903 suka bayyana wasu mutum uku masu shan jar giyar inabi mai arha da suka mutu, aka tarar gadar da ta haɗa ɓarin dama da ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsu ta ruɓe daga tsakiya. An daɗe ana zaton cutar 'yan Italiya ce ko ta giyar inabi, daga baya aka gan ta a ƙasashe daban-daban da kowace irin giya, har da 'yan tsiraru da ba sa sha amma yunwa ta ci su.

Gadar nan wayoyi ne wajen miliyan 200 da ɓangarorin biyu ke aika wa juna saƙo ta cikinsu, kowace waya da rigarta kamar yadda roba ke lulluɓe wayar wuta. Cutar tana cinye rigar ne, in ta yi tsanani ta ci har wayar. Tana zuwa ta fuska biyu. Akwai mai tsanani da ke kama duk gadar, mutum ya suma ko ya yi ta farfaɗiya jiki ya sandare, akwai kuma mai sauƙi da ke taɓa wani yanki, inda za a ga magana ta sarƙe, tafiya ta lalace, hali ya canza. Wasu in sun farfaɗo ana ganin abin mamaki a tare da su: a sa masa makulli a hannun hagu ido a rufe ya kasa faɗin sunansa, a mayar hannun dama ya faɗa nan take, ko hannun dama na ɓalle maɓallin riga na hagu na mayarwa. A wurinmu duk wanda ya ga haka aljani zai fara kawowa a ransa.

Da can sai a gawa ake gane ta shi ya sa aka ɗauka duk wanda ya kamu mutuwa zai yi. Zuwan MRI ya canza wannan fahimtar. Wani nazari na 2004 da ya tattara waɗanda aka gano da rai ya nuna wajen ɗaya cikin biyar na masu nau'in mai tsanani ne suka rasu kuma mafi yawan sauran sun rage da naƙasa, amma a masu nau'in mai sauƙi ba wanda ya rasu kuma mafi yawansu sun tashi. Wani na 2014 da ya duba mutum 153 ya ga cewa waɗanda aka fara wa allurar tiyamin cikin sati biyun farko sun fi samun sauƙi. Har yanzu babu maganin da aka keɓe mata, tiyamin ne da sauran bitamin B da abinci da jinya.

## Gishirin jini: garin neman gira a rasa ido

Wannan cutar, wadda saurin gyaran gishirin jini ke jawowa, ta bambanta da sauran don sau da yawa a gadon asibiti take farawa. Gishirin jini, wato sodiyam, a lafiyayyen mutum yana tsakanin 135 da 145. Wanda ke ɗirkar giyar kwalba da yawa ba ya cin abinci, ko mai ciwon hanta, ko mai yawan amai, nasa na iya sauka ƙasa da 120 a hankali cikin kwanaki. Ƙwaƙwalwa tana sabawa da hakan cikin kamar kwana biyu, ta fitar da wasu sinadarai daga cikinta don kada ta kumbura. Toh in aka zo aka ɗaga gishirin da sauri, ruwa sai ya fice daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kafin su shirya, rigar wayoyin nan ta lalace musamman a gindin ƙwaƙwalwa inda duk saƙon motsi ke bi ya sauka jiki.

Adams da Victor ɗin nan ne dai tare da Elliott Mancall suka fara bayyana ta a 1959, amma sai a shekarun 1980 aka gane alaƙarta da saurin gyaran gishiri. Yadda take zuwa yana da ruɗarwa, mara lafiya zai ji sauƙi har a fara maganar sallama, bayan kwana biyu zuwa shida sai magana ta fara nauyi, haɗiya ta gagara, hannu da ƙafa su mutu, a mafi muni mutum yana ji yana gani yana fahimta amma ba abinda ke motsi sai ido. Shi ya sa ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada a ɗaga gishirin fiye da 8 zuwa 10 cikin awa 24, ga mashayi ko mai ciwon hanta ko wanda fotasiyam ɗinsa ya yi ƙasa kuwa a tsaya a 8 ko ƙasa da haka.

Duk da munin yadda take kama mutum, ba hukuncin kisa ba ce. Wani bibiya da aka yi a Jamus a 1999 ya nuna a cikin waɗanda suka rayu kusan kashi ɗaya cikin uku sun warke sarai, kashi ɗaya sun rage da 'yar matsala amma suna yi wa kansu komai, kashi ɗaya kuma sun dogara da wasu. Kuma munin hoton farko ba ya nuna wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba, saboda haka fidda rai da wuri kuskure ne, sauƙin watanni yake ɗauka.

## Sauran da ake iya ruɗawa da su

Akwai lalacewar ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya mai kula da daidaiton tafiya, mutum ya riƙa tafiya ƙafa a buɗe yana dafa bango amma hannunsa da maganarsa kusan lafiya, wannan tana tsayawa in an daina sha amma ba kasafai take komawa daidai ba. Akwai felagra, rashin bitamin B3, da ke kawo ruɗewa da sandarewa da zabura, wani lokaci ba tare da baƙin fatar wuya da hannu da aka san ta da shi ba, kuma ta fi barazana ga wanda abincinsa masara ce zalla ko yake shan maganin tarin fuka, ita kam tana jin magani da sauri in an tuna da ita. Akwai ruɗewar da ciwon hanta ke kawowa, wadda ke zuwa ta tafi. Akwai taruwar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwar da mutum bai ma tuna ya yi ba, wannan aikin tiyata ne. Gubar metanol da ke shiga ogogoro, irin wadda ta kashe mutane a jihohin Ondo da Ribas a 2015, ita daban ce, a sha ɗaya take makantarwa ko ta kashe.

## Inda likitoci suka rabu

Kan yawan tiyamin babu matsaya ɗaya. A Birtaniya an saba da miligiram 500 sau uku a rana na kwana biyu zuwa uku sannan a rage, ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Turai a 2010 ta ce 200 sau uku. Masu goyon bayan mai yawa na cewa maganin ba tsada, illarsa kaɗan ce, kuma an ga waɗanda ƙaramin awo bai tsare su daga Korsakoff ba. Ɗaya ɓangaren na nuni da wani gwaji da aka yi a Alice Springs ta Ostireliya aka wallafa a 2022, wanda bai ga fifiko ƙarara na babban awo a kan matsakaici ba, duk da masu gwajin sun yarda aikin nasu na da giɓi. Abinda ba a saɓa a kai ba shine ta jijiya kuma da wuri.

Sai maganar sukari. An daɗe ana koyar da cewa kada a sa wa mashayi ruwan sukari sai an fara ba shi tiyamin, don sukarin zai ƙone ɗan abinda ya rage. Likitocin gaggawa da yawa yanzu na cewa in sukarin jini ya faɗi ba a jira, don shi ma yana kashe ƙwaƙwalwa cikin ɗan lokaci, a ba da sukarin a haɗa da tiyamin a lokaci guda ko nan kusa. Haɗarin gaske yana ga wanda aka yi ta ɗaura wa leda bayan leda na awanni ko kwanaki ba bitamin.

Maganar gishiri ce ta fi zafi a 'yan shekarun nan. Wani nazari a asibitocin Toronto ta Kanada a 2023 ya duba kwanciya 22,858 ta masu ƙarancin gishiri, mutum 12 kacal aka samu da ciwon, har wasu suka fara cewa tsoron ya yi yawa kuma jan ƙafa wajen gyara shi ma yana da nasa haɗarin. Waɗanda ba su gamsu ba suka ce mafi yawan mutanen cikin nazarin gishirinsu bai yi ƙasa sosai ba tun farko. A ganina abin lura shine ko masu son a sassauta ba su cika cewa a sassauta wa mashayi mai yunwa da ciwon hanta ba, shi yana nan a sahun da ake lallaɓawa.

A matakin ƙasa ma an yi muhawara. Ostireliya ta taɓa tunanin zuba tiyamin a cikin giyar kanta, wasu suka ce hakan tamkar ce wa mutane giya ta zama magani ne, a ƙarshe a 1991 aka wajabta sa shi a fulawar burodi, kuma binciken gawa da aka yi daga baya ya nuna ciwon Wernicke ya ragu.

## Abinda wannan ke nufi a gidajenmu

A ƙasar Hausa giya haramun ce kuma abin kunya, a jihohi irin su Kano Hisbah na fasa kwalabe a bainar jama'a, saboda haka mai sha a ɓoye yake sha, a Sabon Gari ko mami ko gidan burkutu na bayan gari, iyali ko ba su sani ba ko sun sani suna rufawa. Illar hakan a asibiti take fitowa. An kawo magidanci a ruɗe yana tangaɗi, likita zai fara tunanin zazzaɓin da ya hau kai, sanƙarau, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga, kuma yana da gaskiya ya yi tunaninsu, amma in matarsa ko ƙaninsa bai ja shi gefe ya ce likita yana sha fa kuma sati biyu kenan ba ya cin abinci ba, tiyamin na iya zuwa a makare. Sirrin mara lafiya amana ce a wuyan likita, ba kotu zai kai ba. Sau da yawa kuma kafin a zo asibitin an yi kwanaki ana hayaƙi da rubutu da ruƙiyya ana zaton sammu ne ko iska, an kira mai kemis ya ɗaura ruwa a gida. Addu'a ba ta hana allura, ana iya yinta a gefen gado, amma kwanakin nan da suka wuce su ne tazarar da ke tsakanin Wernicke da ake juyawa da Korsakoff da ke zama.

Wani kuskuren shine a kulle mutum a ɗaki ko a kai shi gidan mari a ce ya daina yau-yau. Wanda jikinsa ya saba da sha kullum in ya yanke lokaci ɗaya yana iya farfaɗiya cikin kwana ɗaya ko biyu, a kwana na biyu zuwa na huɗu ya shiga karkarwa da gumi da gane-gane da ke iya kisa. Haka wanda ya yi niyyar tuba ya yanke da shigowar azumi, niyyar mai kyau ce amma a yi ta ƙarƙashin kulawar likita, akwai magungunan da ake saukar da mutum da su a hankali tare da tiyamin. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware a Sakkwato, da sashen masu taɓin hankali na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika, suna wannan aikin. MRI yana da tsada kuma ba ko'ina yake ba, amma fara tiyamin ba ya buƙatarsa.

Bayan sallama kuma aikin na gida ne, kuma dogo ne. Hotunan ƙwaƙwalwar waɗanda suka daina sha sun nuna tana sake cikowa, mafi yawan canjin a watannin farko, hankali da natsuwa na ƙaruwa har shekara ko fiye, komawa sha kuma na mayar da hannun agogo baya, shi ya sa magungunan rage sha'awar giya irin su naltrexone da zaman shawara suke cikin maganin. Mai matsalar tafiya da haɗiya yana buƙatar gashi da motsa jiki wurin masu fisiyo. Mai Korsakoff kuwa abinda ya fi yi masa aiki shine tsari, a ƙasar Holan ma akwai gidajen jinya da aka ware musu kaɗai, kuma dabarar da suke bi ana iya yinta a tsakar gida: komai a lokacinsa kuma a wurinsa kullum, a rubuta masa ranar da abinda za a yi a manna a bango, kada a riƙa yi masa jarrabawar ka tuna ko a yi gardama da labaran da yake bayarwa, a nuna masa aiki ɗaya mataki-mataki ana tare shi kafin ya yi kuskure, a maimaita gobe da jibi. Hannu yana koyon abinda kai ba ya riƙewa, mutum zai iya saba hanyar masallaci da lokacin shan magani da ɗan aikin shago ko da ba zai iya gaya maka wanda ya koya masa ba. Kuɗi da katin banki da tuƙi kuwa sai wani amintacce a gida ya riƙe masa har likita ya sake gwada shi bayan wata shida ko shekara.